Yadda Ake Haɗa Takin Gargajiya da na Zamani a Gonar Tamba a Ƙasar Zazzau

Masara da dawa da waken suya ne suka mamaye jigawar Zazzau, tun daga Giwa har Soba. Tamba kuwa an fi saninta a kudancin Kaduna da Filato da wasu sassan Bauchi. Amma ƙasarmu na karɓarta, daminarmu kuma ta ishe ta, don ruwan da ke sauka a kewayen Zariya yakan kai milimita 1,000 ko ya ɗan haura a shekara, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba. Masu neman garinta don kunu da tuwo suna nan a birane. Ƙwayarta ta fi sauran hatsin da muke ci sinadarin kalshiyam mai ƙarfafa ƙashi, kuma takan yi shekaru a rumbu ƙwari ba su dame ta ba.

Inda sabon manomin tamba ke tuntuɓe shi ne wajen taki, kuma tuntuɓen iri biyu ne. Wani ya ji an ce tamba na da juriya, sai ya kai ta gonar da masara ta gama tsotsewa, bai ba ta komai ba, ya tashi da abin da bai kai tan ɗaya a hekta ba. Wani kuma ya ɗauke ta kamar masara, ya yi ta ɗura mata yuriya har ta yi baƙi ƙirin don kore, iskar Satumba ta zo ta kwantar da ita. Abin da tamba ke so yana tsakani: takin gargajiya da ya ruɓe a binne shi kafin shuka, takin zamani ɗan daidai a sa shi a kan lokaci. Da irin wannan kulawa tana iya ba da tan 2 ko fiye a hekta.

Me ya sa sai an haɗa su

Ƙasar jigawa a nan ba ta da ruɓaɓɓen abu sosai, kuma tana da ƙarancin naitirojin da fosfaras. Idan aka zuba takin zamani a irin wannan ƙasa ba ta iya riƙe shi, ruwan Agusta ya wanke rabinsa zuwa inda saiwa ba ta kai. Takin dabbobi shi ke sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe danshi, ta riƙe abincin shuka. Sai dai ba ya sauri. Busasshen kashin shanu da wuya naitirojin ɗin cikinsa ya wuce kashi 1 cikin 100 da yawa, kuma ko wannan ɗin ba duka yake saki a shekarar farko ba. Tamba kuwa a makonninta na farko siririya ce, saiwarta ba ta yi nisa ba, tana bukatar abin da za ta samu nan take.

Ba sai mun je nesa neman hujja ba. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, inda aka yanka fuloti-fuloti, wasu ana ba su kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, shekara bayan shekara. Fulotin da aka daɗe ana ba su naitirojin na buhu shi kaɗai ƙasarsu ta yi tsami, ta rage ƙarfi. Waɗanda ake haɗa musu da kashin shanu su suka fi riƙe albarkarsu. Da su auduga da dawa da gyaɗa da masara aka yi gwajin, amma ƙasar ita ce dai wadda muke nomawa.

Mataki na farko: tara taki tun da rani

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai shuka tamba a ƙarshen Yuni, aikinsa na taki ya fara tun Fabrairu ko Maris, don ruɓewa na cin wata biyu zuwa uku.

Ka samu inuwa, ka haƙa rami mai zurfin da bai wuce ƙugu ba, ko ka yi tsibi a ƙasa idan wurin na tara ruwa. Ka shimfiɗa ɓuntu ko yankakken kara ko busasshen ganye, ka bi shi da kashin shanu ko na awaki da tumaki haɗe da sharar turke wadda ta sha fitsari, ka yayyafa ruwa, ka ɗan watsa ƙasa. Haka za ka yi ta jerawa hawa-hawa har ya cika, sannan ka rufe da tsofaffin buhuna ko zana. Sharar turken nan kada ka raina ta, domin kaso mai yawa na naitirojin da fotash a fitsarin dabba suke fita, ba a kashi ba.

Ruwan da ake so shi ne wanda idan ka damƙi takin ka matse zai dunƙule, hannunka ya jiƙe, amma ba ya tsiyaya. Ka soka sanda doguwa har tsakiyar tsibin ka bar ta a ciki. Bayan 'yan kwanaki ka zaro ka taɓa bakinta. Idan da zafi da danshi, aiki na tafiya. Idan ta fito da sanyi kuma a bushe, ruwa ya yi kaɗan. Idan ta fito tana wari tana yauƙi, ruwa ya yi yawa, sai a buɗe a ƙara busasshen abu. Duk mako biyu ko uku ka juya shi, na gefe ya koma tsakiya. Ya nuna idan ya yi baƙi-baƙi, yana marmashewa, ƙamshinsa ya koma na ƙasa, kuma ba ka iya gane wannan kashin saniya ne wancan na akuya.

Zafin nan shi ne dalilin da ya sa na dage a kan ruɓarwa, musamman ga tamba. Dabbobi na cin ciyawa da 'ya'yanta, 'ya'yan kuma da yawa suna fita a kashi da ransu. A cikinsu akwai tuji, wadda 'yar uwar tamba ce ta jini. Tana ƙarama ko tsohon manomi sai ya duƙa ya duba kafin ya raba su. Wanda ya zuba ɗanyen taki ya shuka tuji da hannunsa, kuma duk takin zamanin da zai saya daga baya tare za su ci da tambarsa. Zafin tsakiyar tsibi yana kashe yawancin 'ya'yan ciyawar, shi ya sa juyawa ta zama dole, don na gefe ma su shiga wutar.

Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka tan 2 a hekta ya wadatar. Amma na gidajen kaji yakan zo cakuɗe da dusar katako. Idan ba ta ruɓe ba, dusar nan sai ta fara jan naitirojin ɗin ƙasa don ruɓar kanta, ka ga shuka ta yi ɗorawa alhali ka sa taki. Ka ba shi lokacinsa a tsibi. Takin bola kuma, wanda ake kwasowa daga cikin gari, sai an tsince shi: leda, fasassun kwalabe, tsofaffin batura. Ni dai bolar da ke kusa da garejin kanikawa ba na ba da shawarar a kai ta gonar abinci ko kyauta ce.

Idan kana da Fulani a kusa, tsohuwar hanyar nan har gobe tana aiki. Ka je da girmamawa, ka ce, "Ardo, in an yi kaka a sauko mini gona, ga kara ga rijiya." Shanu su kwana a gonar, ana matsar da masheƙari daga wuri zuwa wuri don kada taki ya taru a gefe guda. Sai dai ka san wannan ɗanye ne, shekarar za ka yi noman ciyawa sosai. Gara ka sa masara ko dawa a wurin bana, tamba ta biyo baɗi.

Mataki na biyu: lissafi

Lambobin da ke jikin buhu kaso ne cikin ɗari. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na naitirojin, 7.5 na fosfaras, 7.5 na fotash. Buhun yuriya, mai kashi 46, yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin kawai. Tamba na bukatar naitirojin tsakanin kilo 40 zuwa 60 a hekta, fosfaras da fotash kuma kamar rabin haka. Wanda ba shi da takin gargajiya ko kaɗan zai kai ga wannan da buhu 4 na kamfa da buhu 1 na yuriya.

Idan kuwa ka samu ruɓaɓɓen takin dabbobi tan 5 a hekta, ka rage kamfa zuwa buhu 2, ka bar yuriya a buhu 1. Daga buhunan za ka samu naitirojin kilo 38, sauran biyun kilo 15 kowanne, takin gargajiya ya cike giɓin. A eka ɗaya ke nan taki tan 2, kamfa kilo 40, yuriya kilo 20. Idan 20-10-10 ka samu a kasuwa, fosfaras ɗinsa bai kai ba, ka ƙara da buhun supa, wato takin fosfaras da ba shi da naitirojin ko fotash, ɗaya a hekta.

Maganar tan da hekta ba ta shiga kan kowa, kuma yawancin masu tamba ƙananan filaye suke ba ta. Ga hanya mai sauƙi. Auna fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Irinsa ɗari ne hekta. Kowane ɗaya zai ci takin gargajiya kilo 50, kamfa kilo 1, yuriya rabin kilo. Ka cika baronka ko mangalarka sau ɗaya ka kai sikelin masu hatsi ka san nauyinta, don jiƙaƙƙen taki da busasshe ba ɗaya suke ba. Idan baro ya ba ka kilo 25, to baro biyu ne kowane fili. Haka ma tiya ko gwangwanin da za ka riƙa ɗibar kamfa da shi, a auna shi sau ɗaya a huta.

Wanda takinsa bai kai tan 5 ba kada ya baza ɗan abin da ke gare shi a hekta guda don a ce an sa. Ya zuba shi daidai a rabin gonar, baɗi ya koma ɗaya rabin.

Wajen saye, kada ka ji kunyar cewa, "Alhaji, a buɗe mini bakin buhun in gani." Ɗebi yuriya cokali guda ka zuba a kofin ruwa ka motsa. Ta gaskiya narkewa take tas, ruwan ya yi sanyi a hannu. Idan yashi ya kwanta a ƙasan kofin, ka san abin da ake ciki. Wannan gwajin ba ya aiki a kan kamfa, don ko mai kyau yakan bar gari-gari a ƙasa. A nan sai dai ka duba ɗinkin buhu, ka guji wanda aka farke aka sake ɗinkewa, ka saya a inda za ka iya komawa.

Mataki na uku: binne takin gargajiya

Al'adarmu ita ce a kai taki gona tun da rani a zuba shi tsibi-tsibi ƙanana, ya yi wata uku rana na dukansa. Na san dalili: lokacin ne hanya ke bushe kuma amalanke ke samuwa. Amma rana da iska suna kwashe wani kaso na naitirojin ɗin. Idan dole ne ka kai da wuri, tara shi wuri ɗaya a gindin bishiya a bakin gona, ka rufe.

Sai saura mako biyu ko uku a yi shuka, ƙasa ta sha ruwa, sannan ka rarraba, ka baza, ka bi da garma ko haro a ranar ko washegari. Tamba ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, don haka a farfasa hoge, ƙasa ta yi laushi. Tana son ƙasa mai danshi amma ba ta son ruwa ya kwanta mata. A wurin da ruwa ke tsayawa, a yi kunya mai faɗi a ja layi biyu a kai.

Toka taki ce, tana da fotash, tana kuma rage tsamin ƙasa. Amma a baza ta ita kaɗai tun wajen gyaran gona. Kada ta haɗu da yuriya ko kashin kaji a wuri guda, don tana korar naitirojin ya tashi a iska. Wannan warin mai shiga hanci da za ka ji idan ka haɗa su, kuɗinka ne ke tafiya.

Mataki na huɗu: shuka a layi da kamfa

Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli, bayan ruwa ya zauna. Irin tamba ya bambanta, wani wata uku da 'yan kai, wani ya haura huɗu, don haka ka tambayi mai sayar maka da iri kwanakinsa, ka ƙirga baya daga farkon Oktoba.

Masu noman tamba da yawa yafi suke yi. Yana da sauri, amma duk abin da zai biyo baya sai ya yi wuya: ba ka san wace ce tamba wace ce tuji ba, fartanya ba ta da wurin shiga, taki kuma sai dai a watsa kan mai uwa da wabi. Ka ja igiya ka yi layi, tsakanin layi da layi santimita 30, wato tsawon rular 'yan makaranta. Iri kilo 8 zuwa 10 ya ishi hekta. Cakuɗa shi da busasshen yashi don kada ya zube a dunƙule, kuma zurfinsa kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya. Da zarar an yi layi, duk abin da ya tsiro a tsakanin layuka ciyawa ce, ko yaro ka sa zai gane.

Kamfa a gefen layi ake sa shi. Ka ja wani ɗan rami kamar yatsu uku nesa da layin iri, ya ɗan fi shi zurfi, ka zuba, ka rufe. Idan taki ya taɓa ƙwayar, ƙone ta zai yi tun ba ta tsiro ba. A filin nan na mita 10 za ka samu layi 33, kowane layi ya ci giram 30. Murfin kwalbar lemo cike yana ɗaukar kamar giram 6, ma'aunin da masu binciken ICRISAT, cibiyar binciken noma ta yankuna masu ƙarancin ruwa, suka yaɗa a gonakin gero a Nijar. Ke nan murfi biyar a layi, ko murfi ɗaya duk taku biyu manya. Zai yi maka kama da kaɗan a ido. Haka yake, kada ka ƙara.

Fosfaras ne dalilin da ya sa kamfa ba ya jira. Shi ke gina saiwa, kuma ba ya yawo a ƙasa, inda ka ajiye shi nan yake zama. Idan aka watsa shi a sama bayan wata guda, ya makara kuma bai kai inda ake nemansa ba. Wanda ke tsoron ruwa ya ɗauke bayan shuka zai iya jinkirtawa har tsiro ya fito, amma kada ya wuce mako biyu.

Ana kuma dashen tamba kamar shinkafa. A yi reno a ɗan fili mai ruɓaɓɓen taki, a cire bayan mako uku zuwa huɗu, a dasa da yamma a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Iri kilo 4 zuwa 5 ya isa, kuma tamba ta riga ciyawa tashi. Masu dashe su sa kamfa ranar dashe ko cikin makon.

Mataki na biyar: firi, ragi, sannan yuriya

Jerin nan kada a juya shi. Mako biyu zuwa uku bayan tsiro a yi noman firi, a rage cunkoso ya zama santimita 10 tsakanin tushe da tushe. Waɗanda aka cire a cike gurabe da su. Sai gona ta yi fes sannan yuriya ta shigo, wajen mako na uku zuwa na huɗu, lokacin da tamba ke fitar da 'ya'ya daga gindi. Kowane ɗa da ya yi ƙarfi kai guda ne a kaka.

Rabin kilo a layi 33 ya kama giram 15 kowane layi, wato murfi uku ko huɗu, don yuriya ba ta kai kamfa nauyi ba. Idan zubawar ta yi wuya saboda ƙanƙanta, ka cakuɗa da busasshen yashi a daidai lokacin da za ka sa. Ƙasa ta kasance da danshi, ganye kuma a bushe, kada ƙwayar ta maƙale a jikinsa ta ƙona shi. A zuba a gefen layi a rufe da ƙasa nan take, domin yuriyar da aka bari a fili tashi take yi. Idan hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ka bari ya sauke tukuna.

A ƙasa mai yashi raba ta biyu ya fi: rabi a wannan lokaci, rabi a mako na shida zuwa na bakwai bayan maimai, kafin ta yi ciki. Da zarar kai ya fito, an rufe maganar yuriya.

Abin da ganye ke faɗa

Ƙananan ganyen ƙasa sun yi ɗorawa, shuka ta tsaya: naitirojin ya gaza. Amma duba gindi tukuna, don kwanciyar ruwa ma tana kawo haka, kuma maganinta a yanka wa ruwan hanya, ba a ƙara taki ba. Idan shuka ta tsugune, ganye ya yi ja-ja ko shuni, fosfaras ne, kuma darasin baɗi ne, bana sai dai a rage asara.

Idan kuwa ganye ya yi kore shar har yana ɗaukar ido, kara ya yi tsawo ya yi taushi, kada ka yi murna da wuri. Cutar da ta fi yi wa tamba ɓarna ita ce wadda ke fara da tabo a ganye mai tsini biyu, tsakiyarsa toka-toka, bakinsa ruwan ƙasa. Daga nan ta kama wuyan kai ya yi baƙi, yatsun kan su bushe ba ƙwaya. Naman gwari ne ke kawo ta, tana son raɓa da cunkoso, kuma yawan naitirojin yana buɗe mata ƙofa. Idan ka ga tabon ya fara yawa, ka fasa yuriya ta biyu, ka nemi malamin gona. Irin baɗi kuma kada a ɗebo shi daga wurin da cutar ta kama.

Wuta-wuta ma tana kama tamba kamar yadda take kama dawa, kuma ta fi ƙarfi a gajiyayyar ƙasa. Taki yana rage mata kaifi, amma ba ya kawar da ita. A tuge ta kafin ta yi fure, a fitar da ita daga gonar a ƙone.

Gwada da kanka, da abin da za a yi baɗi

Gonaki sun bambanta ko a ƙauye ɗaya. Ma'aunin da na bayar wurin farawa ne. Ka ware filaye huɗu na mita 10 a jere, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya: na farko ba komai, na biyu takin gargajiya kawai, na uku takin zamani cikakke, wato kamfa kilo 2 da yuriya rabin kilo, na huɗu haɗin da aka bayyana. Kan tamba ba ya nuna lokaci guda, sai an bi da wuƙa sau biyu ko uku, don haka kowane fili ya samu buhunsa daban tun daga yankan farko. A shanya, a sussuke, a sheƙe, a auna. Abin da ka samu ka ninka sau 100, shi ne na hekta. Sannan ka cire kuɗin taki da na dako, don filin da ya fi cika buhu ba lallai ne ya fi barin riba ba.

Karan tamba dabbobi na sonsa, a kai musu turke maimakon a cinna masa wuta, takin baɗi daga nan zai fito. Wurin da ya sha tan 5 bana yana da sauran ƙarfi a shekara mai zuwa, don haka ba sai an maimaita masa ba. A sa masa waken suya ko gyaɗa da buhun supa ɗaya ko biyu a hekta, ba yuriya, sabon tsibin taki kuma ya tafi ɓangaren da tamba za ta koma.